Idan aikin mai ko gas ya shigo gari, wa ke da ikon cewa a dakata?

Tsohon jami'in filaye, jihar Kaduna:

Assalamu alaikum. Ina roƙon duk wanda aikin haƙar mai ko shimfiɗa bututun gas ya taɓa ratsa garinsu ya faɗa mana ofishin da ya saurare su lokacin da matsala ta taso. Ina aiki a sashen filaye na wata ƙaramar hukuma sa'ad da aka fara shimfiɗa bututun gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar a 2020. Manoma sun riƙa cika ofishinmu da tambayoyi, domin mu muke ba su takardar shaidar gona kuma mu suka sani, alhali ko taswirar hanyar da bututun zai bi ba mu da ita. Dalilin a rubuce yake. Sashe na 44(3) na kundin tsarin mulki ya mallaka wa gwamnatin tarayya duk mai da gas da ke ƙarƙashin ƙasa. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, ta kuma ba shi ikon soke haƙƙin mallaka idan za a wuce da bututu. Ita kuwa ƙaramar hukuma, jadawali na huɗu na kundin tsarin mulki ya ba ta hannu wajen raya noma da albarkatun ƙasa, sannan ya cire haƙar ma'adinai daga ciki ƙarara. Hukumar da ta fi kusa da mai gona ita aka bari ba ta da ta cewa.

Malamin firamare, kuma manomi:

Wa alaikumus salam, Malam. Masu awo sun zo mana da rani, suka kafa turaku masu jan fenti waɗanda suka raba gonar mahaifinmu gida biyu. Bayansu masu ƙiyasi suka ƙirga ɗorawa da kaɗanya da mangwaro, aka ɗauki hoton kowa riƙe da allo mai lamba, daga baya aka biya diyya. Ba zan ce an cinye mana haƙƙi ba, ko da yake kuɗin na abin da ke kan gona ne, ba na ƙasar kanta ba.

Damuwar ta zo ne da damina. Ƙasar da katafila ta tara a bakin ramin ta toshe hanyar da ruwa ya saba bi zuwa fadama, sai ruwan ya kwanta a gonakin da ke sama, masara ta yi rawaya tun ba ta kai gwiwa ba. Muka faɗa wa mai unguwa, ya kai mu wurin dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya rubuta wa ciyaman. Ciyaman ya karɓe mu cikin mutunci, ya ce aikin na tarayya ne, iyakarsa shi ma ya rubuta wa jiha. A ƙarshe dagacin ne ya je da kansa ya roƙi shugaban ma'aikatan wurin, aka turo katafila ta buɗe hanyar ruwan cikin ɗan lokaci. Mun gode masa, amma da ya ƙi, babu wanda zai tilasta shi a duk faɗin ƙaramar hukumar, kuma wannan ne yake ci mini rai har yau.

Ɗan Alkaleri, jihar Bauchi:

Tamu ta ɗan bambanta. Tun da aka sanar da samun mai a Kolmani a 2019, kuma Shugaba Buhari ya zo ya ƙaddamar da aikin a watan Nuwamba na 2022, maganar da ta fi yawa a bakin manya ita ce ko rijiyar a Alkaleri take ko a Akko ta jihar Gombe. Kowa ya san dalili, domin kashi 13 cikin ɗari na kuɗin albarkatu jihar da aka haƙo su a cikinta ake ba wa. Mu da muke zaune a wurin tambayoyinmu daban ne: wace hanya manyan motoci za su bi, ina za a zuba dagwalon haƙa, kuma me zai sami burtalin shanu da rafin da muke sha.

Dokar masana'antar man fetur ta 2021 ta wajabta wa kamfani ya kafa asusun raya al'ummar da yake aiki a cikinta, ya riƙa zuba kashi 3 cikin ɗari na kuɗin gudanar da aikinsa na shekarar da ta gabata. Sai dai kamfanin ne yake naɗa amintattun asusun bayan ya tuntuɓi jama'a, kuma dokar ba ta ware wa ƙaramar hukuma kujera ba. A wani taro da na halarta, dattawa sun rabu biyu a kan haka: wasu na murna kuɗin ba zai bi ta sakatariya ba, wasu na tambayar wanda za a kai wa ƙara idan amintattun suka kauce.

Mai awon ƙasa, Gombe:

Ranka ya daɗe tsohon jami'i, ina neman afuwa, amma ina da ja. Na yi aiki da 'yan kwangila a jihohi da dama, na kuma ga abin da ɗan ikon da ke hannun wasu ƙananan hukumomi yake zama. A hanya guda sai a tare motar kayan aiki a shinge bayan shinge, kowa da rasit ɗinsa, kuma babu ɗaya daga cikin masu tarewar da zai tambayi nisan ramin daga gidajen mutane. Najeriya tana da ƙananan hukumomi 774, kuma idan kowacce za ta iya tsayar da bututu, babu bututun da zai kai Kano. Sannan auna ƙarfin matsin gas ko gurɓatar ruwan rijiya aiki ne na ƙwararru da na'urori, waɗanda ban taɓa gani a sakatariyar da na shiga ba. Na yarda a ba su iko a kan hanya da magudanar ruwa da sanar da jama'a, amma lasisi da ƙa'idojin tsaro su zauna a sama.

Malama daga Damagaram, 'yar asalin Diffa:

Sallama gare ku, 'yan'uwa. Mu a Nijar an fara haƙo man Agadem da ke jihar Diffa a 2011, ana turo shi matatar da ke kusa da Damagaram, mai tace ganga 20,000 a rana. Dokarmu ta ce kashi 15 cikin ɗari na wasu kuɗaɗen mai a mayar da su ga ƙananan hukumomin jihar da ake haƙowa. A takarda wannan ya fi naku, amma kuɗin sai ya biyo ta baitulmali a Yamai, kuma magadan gari sun sha kukan bashin da ya taru. Wani kawuna makiyayi ne a yankin N'Gourti, kuma lokacin da raƙumansa suka kamu da ciwo bayan sun sha ruwa kusa da wani wurin aiki, magajin gari ya saurare shi amma ba shi da ikon tura kowa ya gwada ruwan. Tun watan Afrilu na 2024 ma an rushe majalisun ƙananan hukumomi da aka zaɓa, an naɗa masu riƙo.

Ɗalibi a Texas, Amurka:

Gaisuwa ga iyayena da yayyena. Na zauna a Denton, inda na ga rijiyoyin gas dab da gidajen mutane. A watan Nuwamba na 2014 mutanen garin suka kaɗa ƙuri'a suka haramta haƙar da ake yi ta hanyar fasa duwatsun ƙarƙashin ƙasa da ruwa mai ƙarfi. A watan Mayu na 2015 Gwamna Greg Abbott ya sa hannu a dokar da ta ce harkar mai da gas ta jiha ce, garin ya janye haramcinsa. Duk da haka dokar ta bar wa garuruwa abin da ke saman ƙasa, kamar zirga-zirgar motoci da ƙara da hasken fitilu da shirin kashe gobara da tazara daga gidaje, matuƙar sharaɗin bai hana aikin gaba ɗaya ba. Jihar Colorado kuwa a 2019 ta ba ƙananan hukumomi damar tsaurara ƙa'ida fiye da ta jiha. Maƙwabciyata, wadda ta yi yaƙin neman haramcin, ba ta huce ba, amma idan injin ya dame ta da dare ta san lambar ofishin garin da za ta kira.

Tsohon jami'in filaye:

Malam mai awo, a kan lasisi ban ja da kai ba, kuma shingayen da ka ambata abin kunya ne. Abin da ɗanmu na Texas ya lissafa shi nake nema, a rubuta shi cikin doka, tare da ikon dakatar da katafila har a gyara ɓarna. Ga mutanen Alkaleri kuma, dokar tantance tasirin ayyuka a kan muhalli ta 1992 ta tanadi a baje rahoton babban aiki domin jama'a su duba su yi ƙorafi, kuma an saba ajiye kwafi a sakatariyar ƙaramar hukuma na kwanakin aiki 21. Ku sa kansilanku ya riƙa bibiya, ku nemi wanda zai karanta muku shi da Hausa da Fulatanci, ku kuma shigar da maganar burtali da rafi a rubuce kafin wa'adin ya cika.