Neman shawara: shin tattakin karkara zai ishe mu shirin hawan Kilimanjaro?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Mu abokai ne mazauna Jos, maza da mata, yawancinmu masu aikin ofis, kuma mun ƙudiri aniyar hawan Dutsen Kilimanjaro na ƙasar Tanzaniya a watan Agusta, in Allah ya kai mu. Shirin da muke yi shi ne fita kowace Asabar bayan sallar asuba, mu ratsa ƙauyuka da gonaki zuwa duwatsun Shere, mu dawo kafin rana ta take. Abin da ya dame ni shi ne ƙololuwar Shere mita 1,829 ce, shi kuwa Kilimanjaro mita 5,895 ne, don haka wasunmu suna ganin tattakin ya wadatar, wasu kuma suna cewa kanmu muke ruɗi. Ga kuma matasanmu da sukan yi gaba su bar manya a baya, har an fara guna-guni. Ina roƙon waɗanda suka san harkar su ba mu shawara.

Wani da ya taɓa hawa:
Wa alaikumus salam, Malam. Kada ku daina tattakin, domin shi zai gina muku ƙafa da juriya, amma ku sani cewa babu wani wuri a Filato da zai saba muku da ƙarancin iskar da ke can sama. Daga kimanin mita 2,500 jiki yake fara jin canji, a ƙololuwa kuwa iskar oksijin da mutum yake samu a numfashi ɗaya kusan rabin ta bakin teku ce. Abin da ke taimakawa shi ne yawan kwanakin da aka yi a kan dutsen, shi ya sa nake ba ku shawara ku ɗauki hanyar Lemosho ta kwana takwas ko Machame ta kwana bakwai, ku bar Marangu ta kwana biyar ko da ta fi araha.

Sannan ku sauya salon atisayen. A ranar hawa ƙololuwa akan tashi daga sansanin Barafu da tsakar dare, a yi ta hawa cikin duhu da sanyin da ke daskarar da ruwan gora har gari ya waye, a kuma juyo a sauko a wannan yinin, tafiyar da takan haura awa goma sha biyu. Saboda haka ku riƙa haɗa Asabar da Lahadi, kowa da jakarsa a baya, don jiki ya san tafiya a kan gajiyar jiya. Ku ba gangara muhimmanci, domin ita ce ke cin gwiwa, ita ce kuma ke sa yatsu su riƙa bugun gaban takalmi har farce ya yi baƙi ya fita. Takalmin da za ku hau da shi, tun yanzu ku fara sa shi. Su kuma matasan, a faɗa musu cewa mai sauri ne ciwon sama, wato rashin lafiyar da ƙarancin iskar can sama ke jawowa, ya fi saurin kamawa, kuma jagororin dutsen, waɗanda doka ta wajabta a hau da su, ba za su bar kowa ya yi gaggawa ba.

Wata ma'aikaciyar jinya:
Yaya, kafin ku biya kuɗin komai, kowa ya je asibiti a auna hawan jininsa, a kuma duba jininsa na sikila. Wannan ya shafe mu ƙwarai, saboda masu AS suna da yawa a cikinmu, da dama ba su ma sani ba, kuma ƙarancin oksijin yana iya taɓa saifarsu ko da ba su taɓa yin ciwo ba. Dole irinsu su ga likita tukuna. Alamomin ciwon sama su ne ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci da rashin son abinci, idan kuwa mutum ya fara tangaɗi, ko ruɗewa, ko haki alhali yana zaune, a sauko da shi nan take, ko da dare ne. Akwai ƙwayar acetazolamide da ke taimakawa, amma likita ne zai rubuta ta. Kada kuma a manta da katin rigakafin zazzaɓin shawara.

Wani dattijo:
Ɗana, ni maganata a kan karkarar ce. Shirinku zai faɗo cikin damina, lokacin da shuka ta rufe hanyoyi, don haka ku bi turba, kada ku keta gonar mutane. Ku je ku gaida mai unguwa, ku nemi ɗan gari ya yi muku jagora, domin shi ya san inda ake da zaman lafiya da inda ba a bi a wannan makon. Dutse yana santsi bayan ruwa, kuma idan hadari ya haɗu ku sauko, saboda tsawa. Game da guna-gunin, ku sa wanda ya fi kowa nawa a gaba, ku sa mai ƙarfi a can baya, kada kowa ya wuce na farko.

Wani daga Jalingo:
Da ni ne, Malam, sai in ɗaga tafiyar zuwa Fabrairu, wanda shi ma lokacin hawa ne mai kyau. Hakan zai ba ku damar gwada Chappal Waddi a gandun dajin Gashaka Gumti, dutse mafi tsayi a Nijeriya, mita 2,419, da rani, lokacin da rafuka suka janye. A can za ku kwana a tanti, ku tashi da sanyi, ku ga wanda ke iya jure tafiyar kwanaki a jere.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Za mu fara da gwajin jini, ranar Asabar kuma zan gabatar da batun ɗaga tafiyar. Ɗan'uwa na Jalingo, ta wane gari ya fi dacewa mu shiga gandun dajin?