Ciki ne laifina?

Maman Ilham: Jama'a ku taya ni ji. Makarantar kuɗin da nake koyarwa sun sallame ni, wai cikina ya tsufa, ba za su biya mai zaman gida ba. Da aurena fa! Ga 'yar sandan nan ta Ekiti da aka kora a 2021 don ta yi ciki ba aure, Kotun Ma'aikata ta Akure a 2023 ta ce wariya aka nuna mata, a biya ta naira miliyan 5. Ni ina zan kai kukana?

Abban Sadik: Wariya? Mace ta yi cikin shege a kore ta, shi ne wariya? Tarbiyya dai.

Anti Balki: To wanda ya yi mata cikin fa? Ɗan sanda namiji in ya yi wa wata ciki, wa ke karɓe masa kaki? Abin da alƙali ya duba ke nan, sashe na 42 na tsarin mulki.

Abban Sadik: Hajiya, ai Babbar Kotun Tarayya ta Abuja ta ce dokar 'yan sanda da aka kore ta da ita tana nan daram, a 2022.

Ɗan Zazzau: Labarinka ya kwana, Malam. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke ƙa'ida ta 126 da ta 127 na dokar, masu magana kan cikin 'yar sanda, a 2024.

Abban Sadik: 'Yan boko kun zo ke nan. Zagezagi ba ku bar komai ba.

Ɗan Zazzau: Kai da a Kano ko hukuncin ba ka karanta ba, sai jita-jita a wurin mai shayi.

Anti Balki: Bambanci daban, wariya daban. Allah ya bambanta mu, amma albashi ba ya sanin mace da namiji.

Baba Tsoho: Bambancin ne wariyar, 'yata. Kalma ɗaya ce.

Anti Balki: Baba, da girmanka, ba ɗaya ba ne.

Maman Ilham: Don Allah, ni aikina fa nake tambaya.

Ɗan Zazzau: Bakano ya fara janye maganarsa tukuna.

Shugaban zaure: To, a taƙaice, yawanci sun yarda kalmar wariya ba ta dace ba, kuma Malam Abban Sadik ya kawo hujja daga kotu. Ɗan Zazzau, ka daina kawo ƙabilanci. Maman Ilham, ki yi haƙuri, Allah ya sauke ki lafiya. An rufe.