Matata 'yar Tailan na so in ba da kuɗi a sayi gona da sunanta, don Allah a ba ni shawara

Baban_Hanifa:
Salam 'yan uwa, don Allah waɗanda suka san kan Tailan ku taimaka min. Shekarata bakwai ina zirga-zirga Bankok, ina saro kaya a kasuwar Pratunam in turo Kano, yanzu kusan a can nake zaune. Na auri 'yar ƙasar, ta musulunta, a masallaci aka ɗaura, muna da 'ya ɗaya. Garinsu wani ƙauye ne a lardin Buriram. To kawunta zai sai da gonar shinkafa rai 12, kusan hekta biyu kenan, a kan bat (kuɗin Tailan) miliyan 1.8, shine ta tasa ni gaba wai kar gonar ta fita daga dangi, in kawo kuɗin a rubuta da sunanta tunda ni baƙo ne ba za a rubuta da nawa ba. Ni dai wlh ban taɓa kama ta da ha'inci ba, ita ke riƙe min lissafin shago ma, amma kuɗin nan rabin jarina ne kuma kwana biyu barci ya ƙi zuwa. Akwai wata takarda da zan yi wadda za ta nuna kuɗina ne?

Malam_Canta:
Wa alaikumus salam. Baban Hanifa takardar da za su sa ka sa wa hannu kishiyar wadda kake nema ce. Ni a Chanthaburi nake harkar duwatsu masu daraja, na raka mutum biyu ofishin filaye, da idona na gani. Dokar filaye ta 1954 ta hana baƙo mallakar ƙasa, akwai wata 'yar kafa ga wanda ya zuba jarin bat miliyan 40, shi ma rai ɗaya kacal na gidan zama, ba gona ba, kaga ba ruwanmu da ita. Tun 1999 aka yarda matar baƙo ta sayi fili, amma da sharaɗin ku je ku biyu ku sa hannu cewa kuɗin nata ne na ƙashin kanta, abin da suke cewa sin suan tua, ba dukiyar aure ba ce. Ma'ana ranar da ka sa hannun nan ka yi kyauta, a gaban hukuma, da bironka. In ka dawo gobe ka ce wa alƙali ai kuɗina ne ita riƙe min kawai take, to ka kai kanka ƙara ne, don riƙe wa baƙo fili laifi ne, tara har bat 20,000 ko ɗaurin da ya kai shekara biyu, sannan a tilasta a sayar.

Amma kafin ma a je nan, ka ga takardar gonar? Ba hoto a waya ba, ita kanta. Ka duba tambarin Garuda, wato hatimin gwamnatinsu mai siffar tsuntsu, da ke samanta. In ja ne to yawanci canot ce, ita ce cikakkiyar mallaka an auna an kafa turaku. In kore ne yawanci No So 3 Ko ce, ana saye ana sayarwa, da sauƙi. Wadda nake ji maka tsoro So Po Ko 4-01, filin gwamnati ne da ta raba wa talakawan manoma su noma, ba a sayar da shi a doka, sai dai magada su gada, kuma yankin Isan, arewa maso gabashin ƙasar inda Buriram take, cike yake da irinsa. Mutanen ƙauye suna cinikinsa a tsakaninsu da rubutun hannu da shaidar mai gari, su a wajensu ba komai, amma in gwamnati ta waiwayo ba ka da bakin magana. Akwai kuma Po Bo To 5, wannan rasit ɗin haraji ne kawai, kar wani ya miƙo maka ya ce takardar fili ce. In canot ce ka juya bayanta, nan ake rubuta jingina. Kawun nan me ya sa zai sayar? Manoma da yawa takardarsu na jingine a bankin manoma ko hannun mai ba da bashi, kar ka je bashinsa za ka biya kana zaton gona ka saya.

Sani Kwari:
Hhhh Alhaji mu nan muna cin shinkafar Tailan kai kuma ka tafi nomo ta. Ni tambayata ɗaya, wa zai noma? Don na san kai ba za ka bar Pratunam ka shiga taɓo ba.

Malam_Canta:
Sani wasa kake amma ka taɓo wajen. Ko ya so ba zai kama garma haka kawai ba, bizar aure ba izinin aiki ba ce, kuma noman shinkafa yana cikin sana'o'in da dokar kasuwancin baƙi ta 1999 ta rufe wa baƙi ruf. So dangin ne za su noma. Kuma yawancin gonakin Isan na damina ne, girbi ɗaya a shekara, in an cire taki da hayar injin girbi da wadda za a ci a gida abin da zai rage ba zai kama ƙafar ribar kwantena ɗaya ta kayanka ba.

Tsohon_Nana:
Ɗan uwa bari in ba ka nawa, ba ji na yi ba. Ni matata ba ta cuce ni ko sisi ba, rasuwa ta yi, Allah ya jiƙanta. Rai 8 na rogo muka saya, na haƙa rijiyar burtsatse na gina ɗan gida mai ɗaki biyu, har bishiyar mangwaro na dasa a bakin ƙofa. Aurenmu na masallaci ne kamar naka, ban taɓa zuwa ofishin gunduma na yi rajista ba don a ganina an ɗaura an gama. Bayan kwana arba'in na koma ƙauyen na tarar yayanta ya canza kwaɗo, tsohuwar tana zaune a kan tabarma tana min murmushi tana miƙo min ruwa, ba wanda ya ɗaga min murya, su ba sa faɗa ai, amma jakata tana waje an ɗaure ta tsaf. Lauya ya ce min a doka ni ba mijinta ba ne, ba mu haihu ba, iyayenta ne magada. Da a lardunan kudu ne, Pattani ko Yala ko Narathiwat ko Satun, can ana aiki da shari'ar Musulunci a kan aure da gado, amma ba a Isan ba. Ya ce ko da na yi rajistar ma kasona kawai zan samu kuma ba za a bar ni in riƙe ƙasar ba, sayarwa zan yi cikin shekara. Har yau in na tuna mangwaron nan sai in ji wani iri.

Kai kana da 'ya, to ka duba ko an yi rajistar kai ne ubanta a doka, sunanka a takardar haihuwa kaɗai bai isa ba in babu rajistar aure.

Maman Ilham:
Ni fa kuna bani mamaki, kowa na magana kamar matar ɓarauniya ce. Mace ta bar addinin iyayenta ta bi ka, ta haifa maka, tana riƙe maka lissafi shekara da shekaru ba ta ci ba, don ta ce a sai mata gonar kakanninta sai a fara ƙirga ranar saki? Nan gida maza nawa ne suka sai wa matansu fili, wa ya kira shi asara? A can 'ya mace ce ke ɗaukar nauyin iyaye, in ba ta yi ba ƙauye ne zai zage ta, ku ma kun san yadda abin yake in an ce 'yarka ta auri mai kuɗi. Baban Hanifa in za ka ba ta ka ba ta don Allah da zuciya ɗaya, abin da na ƙi a maganar shine rabin jari. Wannan ko a Dawanau aka ce ka binne rabin jarinka a abin da ba ya juyawa sai a ce ba ka da lissafi. Ka ce mata rai 4 za ka iya, sauran 'yan uwanta su haɗa.

Baban_Hanifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Tsohon Nana Allah ya jiƙan iyali, wlh jikina ya yi sanyi don ni ma ban yi rajistar ba. Wani ɗan Ghana a nan ya ce min a buɗe kamfani kawai, 'yan ƙasa su riƙe kashi 51 ni 49, ko kuma ta ba ni hayar shekara 90. Ya kuke gani?

Malam_Canta:
Kamfanin nan ka manta da shi, in masu kashi 51 ɗin sunansu kawai aka ara ba su zuba ko bat ɗaya ba to shine dai laifin da na faɗa maka da wata riga, kuma suna bincike yanzu. Hayar 90 kuma talla ce ta dillalai, doka shekara 30 ta sani, alkawarin a sabunta ta sau biyu ta cika 90 kuwa kotun ƙolinsu ta ƙi amincewa da shi, kuma duk hayar da ta wuce shekara uku sai an yi mata rajista a ofishin filaye.

Abin da ya fi kama hankali shine haƙƙin cin moriya, su suna cewa sitthi kep kin, a rubuta sunanka a bayan canot ɗin cewa kana da ikon amfani da gonar har ƙarshen ranka, ko an sayar ko an gada haƙƙinka na nan. Amma shi ma da ƙura, wasu ofisoshin suna jan ƙafa in baƙo ne kuma gona ce, sannan yarjejeniyar dukiya da miji da mata suka ƙulla a cikin aure kowannensu na iya soke ta, har shekara ɗaya bayan rabuwa. Kuma tsakani da Allah in zama ya ƙare za ka iya zama a ƙauyen da kowa ɗan uwanta ne don kana da takarda? Wata hanyar a sa sunan Hanifa tunda 'yar ƙasa ce, filin yaro ba ya sayuwa sai da izinin kotu har ta kai shekara 20, kaga ba kawu ba yaya ba mai taɓawa, kai ma ba za ka taɓa ba in kasuwa ta juya maka baya. Ka nemi lauya naka na kanka, ba wanda dangin suka kawo ba, kuma kar ka tura ko kafin alkalami sai kun je ofishin filayen Buriram an ciro kwafin da ke wajensu an gwada da na hannun kawun.

Baban_Hanifa:
Na kira ta yanzu na ce ta tambayi kawu launin tambarin, ta ce zai duba wai takardar ba ta gida tana wajen wani. Ranar Juma'a in sha Allah zan hau bas daga tashar Mo Chit ta Bankok in je da kaina.