Yadda ake sallama da Turanci: abin da na tsinta a hirarmu

Ran Asabar mun zauna da wasu malaman Turanci, hira ta kai mu kan yadda ake rabuwa da mutum cikin ladabi. Abin da aka fi daɗewa a kai shi ne "good night". Da yawanmu mukan shiga wuri da dare mu faɗe ta a matsayin gaisuwa, alhali Bature ba ya faɗinta sai zai tafi ko zai kwanta. In ka iso, "good evening" za ka ce. Haka "I'm coming" da muke faɗi muna ficewa, wato "ina zuwa". Baƙo zai tsaya yana kallonka, ga ka kana tafiya kana cewa kana tahowa. "I'll be right back" ita ce daidai.

Wani dattijo a cikinmu ya tuna mana cewa "goodbye" asalinta "God be with you" ne, kusan Allah ya kiyaye ɗinmu. Wannan ya burge ni ƙwarai. Sai dai yau tana da ɗan nauyi, abokai sun fi cewa "bye" ko "see you later", wadda ba alkawarin haɗuwa ba ce, kamar dai sai an jima.

A waya kuwa, kada ka katse kai tsaye. Ka fara da "anyway, I'll let you go", sannan "take care". In kana son cewa a gaida gida, "say hi to the family" ta wadatar, amma ga babba "my regards to your family" ta fi dacewa.