Karo-karo don a kawo burauza kan Haiku, in saka kuɗina ko in bari?

Ɗan Garwa:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da wata tsohuwar laptop da yayana ya bar min, ta yi nauyi sosai sai na goge ta na ɗora mata Haiku, wato tsarin sarrafa kwamfuta (kamar Windows) da 'yan sa-kai ke ginawa tun 2001 don ci gaba da wani tsohon tsari mai suna BeOS, wlh yanzu kafin in zuba shayi ta gama tashi. Burauzarsa WebPositive ce, tana aiki daidai gwargwado amma shafuka masu nauyi irin na yanzu sai a hankali. To a wani gurup da nake ciki wani ya ce a yi karo-karo a biya mai rubuta furogiram ya kawo wata babbar burauza kan tsarin, ni kuma ina da jaka biyar na sefa da zan iya sakawa amma zuciyata na rawa. Irin wannan abu yana kaiwa gaci kuwa?

Mai gyaran waya Marwa:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa kafin ka saki ko sisi ka tambaye shi abu ɗaya, bayan an kawo burauzar wa zai ci gaba da kula da ita? Don nan ne gizo ke saƙa. Firefox kusan duk sati huɗu suke fitar da sabuwa, in wanda aka biya ya gama ya kama gabansa to nan da shekara ɗaya ka koma gidan jiya, ga ramukan tsaro ba mai toshewa, kai kuma kana shiga imel ɗinka da ita hankali kwance. Aikin kuma ba kwafa da liƙawa ba ne, sai an sa ta ta fahimci yadda tsarin ke zana taga, da sauti, da rubutu, da bidiyo, kowanne da ciwon kansa. Masu amfani da kwamfutocin Amiga sun ɗanɗana, a 2003 suka buɗe tukuici mai suna AmiZilla don a kawo musu burauzar Mozilla, kuɗi ya haura dala dubu 10 na Amurka, shekaru suka yi ta tafiya ba wanda ya kammala ya karɓa.

Hajiya ta Gaundere:
Ni dai ban ga laifin bayarwa ba ƙanena, ai kamar adashi ne, sai dai shi wannan ba kwasa za ka yi ba, kayan aiki za a samu kowa ya amfana. Amma a raba kuɗin kashi-kashi, shafi ya buɗe a ba shi wani abu, bidiyo ta yi a ƙara masa, kuma dole ya saki lambobin aikin, wato rubutun furogiram ɗin, a fili yadda in ya gaji wani zai ɗora. Kuma ta wace hanya ma za ka tura? Yawancin shafukan tara kuɗin nan katin banki suke so, mu kuwa nan Orange Money da MoMo muka sani, ga kuɗin canji, jaka biyar ɗinka bai kai yuro 8 ba fa tunda yuro ɗaya sefa 655 ne da ɗoriya.

Mai gyaran waya Marwa:
Gaskiyarki Hajiya. Ka dubi burauzar Ladybird ma, daga SerenityOS ta fito, shi ma tsarin 'yan sha'awa ne da Andreas Kling ya fara a 2018, a 2024 suka ware ta tsaya da ƙafarta har ɗaya daga waɗanda suka kafa GitHub, shafin da masu furogiram ke ajiye aikinsu, ya ba su dala miliyan 1 na Amurka, suka ɗauki ma'aikata da albashi. Irin kuɗin da burauza ke ci ke nan, duk da dai su daga tushe suke ginawa.

Ɗalibi daga Kusuri:
Yallaɓai ka leƙa HaikuDepot tukuna, wato wurin sauke manhajojin Haiku? Akwai wata burauza mai suna Falkon a ciki, ka gwada ta kafin komai. Haikun taka mai bit 32 ce ko mai 64? don ba duk manhaja ke samuwa a duka biyun ba. In har so kake ka taimaka ni da ni ne Haiku, Inc. zan ba kai tsaye, ƙungiya ce mai rajista kuma da gudummawar suke biyan mai aiki.

Ɗan Garwa:
Na gode ƙwarai. 32 ce ashe, yanzu na duba. Na tura wa mai karo-karon tambayar kulawar nan, ya karanta tun bayan la'asar, har yanzu shiru.