Taifot ne da gaske, ko Widal ne ke ruɗa mu?

Maman Amira: Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah ina neman shawara. Yarona kwana uku yana zazzaɓi, na kai shi lab ɗin unguwarmu aka ɗebi jini, ko awa ɗaya ba a yi ba aka ce maleriya da taifot, karo na uku ke nan bana fa.

Kawu na Gangare: Allah ya ba shi lafiya. Ai a Jos maleriya da taifot sun zama shayi da burodi, ba a ba ka ɗaya babu ɗaya.

Anti Nas: Maman Amira duba takardar, in kin ga gwajin Widal da lambobi irin 1:80 ko 1:160 to ki sassauta tukun. Gwajin nan tun 1896 wani likita Bafaranshe ya fito da shi, kuma ba ƙwayar taifot yake gani ba, garkuwar da jiki ya haɗa yake aunawa, ita kuwa takan daɗe a jini bayan an warke, maleriya ma kan sa lambar ta hau. Kuma kwana uku ya yi wuri, sai wajen sati garkuwar take tasowa.

Maman Amira: To gwajin gaggawan nan fa, irin na maleriya?

Anti Nas: Na maleriya yana da kyau, shi alamar ƙwayar yake kamawa. Na taifot su Typhidot da TUBEX su ma garkuwa suke dubawa, cikin masu ciwon goma sukan tsallake kusan biyu, wani lokacin kuma su laƙa wa wanda ba shi da shi. Shawarata ki kai shi asibitin koyarwa na JUTH can Lamingo likita ya duba shi, in yana zargin taifot ya rubuta kalca, a shuka jinin a ga ko ƙwayar za ta tsiro. Sai an jira kwanaki, shi ma ba kullum yake kamawa ba, amma in ya kama zai nuna har maganin da zai ci ta.

Maman Amira: Wayyo Anti na riga na ba shi cipro, maganin kashe ƙwayoyin cuta, tun jiya, mai kemis ne ya ce.

Anti Nas: Hakan kan rage wa kalca ƙarfi. Ki tafi da kwalin ki faɗa wa likita sau nawa ya sha. In kuma cikinsa ya yi tauri yana ciwo, ko ya kasa shan ruwa, kar ki jira safiya, taifot kan huda hanji.

Kawu na Gangare: In babu abin hawa ki yi magana, ina wajen Taminus har magariba.