"Sannu ba ta hana zuwa": haƙuri ne ko mafaka?

Bulus, Zuru: Salama gare ku, 'yan'uwa. Ranar Lahadi fastonmu ya yi wa'azi a kan 2 Bitrus 3:18, cewa mu yi ta girma cikin alheri, ya kuma rufe da "sannu ba ta hana zuwa". Da aka tashi sujada na roƙi yayana ya je ya gaida ƙanin mahaifinmu, wanda rabonsu da magana shekara 4 ke nan saboda iyakar gona, sai ya mayar mini da wannan karin maganar. Abin ya tsaya mini a rai. Shin muhallinta ke nan?

Mama Saratu: Ɗana, yayanka ya guntule ta, domin cikonta shi ne "sai dai a daɗe ba a je ba". Wanda ya kama hanya ake yi wa wannan magana. Afisawa 4:26 ba ta yarda fushi ya kwana ba, balle ya shekara.

Malam Ishaya: Mama, a gafarce ni, amma zuciyar da aka ɓata ba ta warkewa da umarni. A Markus 4:28 tsiro ne ke fara fitowa, sannan zangarniya, sannan ƙwaya. Iyayenmu ma shekaru suke yi suna noman golmo kafin a ba su mata.

Rifkatu: Baba, mai golmo kullum fartanyarsa na kafaɗa. Kakata, wadda ke cikin Zumuntar Mata, maƙwabciyarta ta taɓa jifanta da maita lokacin da ɗan maƙwabciyar ya rasu, har mata suka daina ɗibar ruwa tare da ita. Duk ranar kasuwa sai kakata ta ƙulla daddawa a ganye ta aike ni in kai wa maƙwabciyar. Na farko an jefo mana shi ta saman danga, ni ce na tsince shi cikin toka ina kuka, ita kuwa ta karkaɗe ta sa a miya. Ba ta fasa ba. Da idon matar ya mutu, kakata ce ke yi mata daka, tana riƙe mata sanda zuwa bakin rijiya.

Dauda: Wannan sannu ta fi ta masu zuwa mana da alkawarin kwalta duk lokacin zaɓe, waɗanda ko tsakuwa ba su zuba ba, amma motocinsu ba su san sannu ba.

Malam Ishaya: Rifkatu, labarinki ni ya goya wa baya, tun da shekaru abin ya ɗauka. Matar ta nemi gafara kuwa?

Rifkatu: Har ta rasu ba ta furta ba, kakata ma ba ta taɓa tambaya ba.

Mama Saratu: To ina za mu kai Zakka, mai karɓar harajin nan na Luka 19, wanda a yini guda ya ba matalauta rabin dukiyarsa?

Bulus: Gobe zan kai wa baffan namu tiyar dawa. Abin da ban sani ba shi ne ko in ce yayana ne ya aiko.